Ƙulli a Igiyar Sa

Kawuna ya shekara talatin yana ɗaukar yashi da bulo a amalanken shanu, kuma ban taɓa ganin mutum mai zargi irinsa ba. Wa-ya-taɓa ake ce masa a unguwa, domin ko harawa ya tarar ta ɗan karkace sai ya tara gida ya yi bincike.

Shanunsa biyu ne, jajaye, kai ɗaya. Kowanne da gefensa a karkiya. In aka musanya su, na dama ya koma hagu, sai su yi ta gogar juna, amalanken ya bi son ransa.

Bana abin ya fara faruwa. Sau biyu yana zubar da bulon mutane a kwata, har magina suka fara cewa za su nemi mai mota. Kawu ya rantse wani ke sauya masa turke. Ya zargi maƙwabci, ya zargi mai sayar da dusa. Ni ma da na je gaishe shi, sai da ya shinshina hannuna ko zai ji warin shanu.

Ran nan da safe, ina gidan, sai ya shafo wani ƙaton ƙulli a igiyar na hagu.

"To, ga shi! Asiri aka yi min!" Ya ɗauko wuƙa zai yanke.

Inna, matarsa, tana wanke-wanke. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ajiye wuƙar nan. Ni na ɗaura."

"Ke? Wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni. Kai kake musanya su da hannunka, ina kallo. Idon nan ya daina raba maka su. Na ce bari in yi abin da hannu zai gane."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na kasa kallonsa. Ya daɗe yana murza ƙullin, sannan ya rage murya.

"Maginan sun sani?"

"Ban faɗa wa kowa ba."

"Ƙarya ne, wani ya sani." Ya juyo yana nemana, ya nuna da wuƙar. "Kai, kana nan kana ji ko?"

Turmi yake nunawa. Ni kuwa ina tsaye a bayan Kawun.