Rijiyar Gude da Darasin Mutuntarwa

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ina koyar da Hausa a wata sakandare a Kabo, kullum ina zuwa daga Gwarzo a kan tsohon babur. Komai ya yi tsada. Littafin waƙa guda ɗaya gare mu a makarantar, shi ma gara ta ci rabinsa, don haka misalai daga kaina nake ƙirƙirowa.

Wata Talata na shiga aji uku da darasin mutuntarwa, wato a ɗauki halin mutum a ba abin da ba mutum ba. Na rubuta a allo: "Rijiyar Gude ta yi dariya da ta ga damina." Ɗalibai suka kwafa, aka tashi.

Ran Alhamis wani dattijo daga ƙauyen Gude ya jingine kekensa a ƙofar ofishin malamai. Muka gaisa, aka tambayi iyali da gona, sannan ya zaro littafin 'yarsa daga aljihu.

"Malam, da kunnenka ka ji ta?"

"Wa, Baba?"

"Rijiyar mana. Yau kwana biyu ba wanda ya jefa guga. Sai rafi muke zuwa."

Na ce ai adon magana ne na waƙa, ba dariyar gaske ba. Sai ya ce:

"To ƙarya kake koya musu ke nan, ana cikin shari'a?"

Na ce a'a, kamar dai in ce Baba zaki ne, wannan shi ake kira siffantawa. Ya ce shi ɗan Adam ne, kuma yana da shaidu.

Shugaban makaranta ya ce in bi shi in gyara abin da na ɓata. Muka tarar da jama'a sun yi da'ira nesa da rijiyar, liman na gaba. Na leƙa ciki, na ɗaga murya na ce, "Ba ta yi dariya ba!"

Muryata ta dawo daga ƙasa. Wata tsohuwa ta ja da baya ta ce, "Kun ji, har gardama take yi."

Liman ne ya cece ni. Ya yi bismilla, ya jawo guga, ya sha, mata suka matso da tulunansu. Da zan hau babur ya riƙe hannuna, ya rage murya.

"Malam, in waƙar ta sake tasowa, ka sa rijiyar ƙauyen Masanawa. Su suna da famfo."