Luba da Ƙafar Kakanta

Yau Juma'a. Na tashi da nauyin jiki, hazon idona ya ƙaru, babban yatsan ƙafata ta hagu kuma ya kumbura, yana zugi tun asuba. Na yi sallah a zaune, na sha kunu kaɗan, na ja kujerata zuwa zaure domin ina jiran baƙuwa. Kafin ta iso, zan rubuta abin da ya wajaba in rubuta a kan jikata Lubabatu, wadda muke kira Luba, tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Wata ranar Talata ce bayan azahar, ina zaune a wannan zaure nawa na Bakura, maƙwabcina Malam Iro ya yi sallama. Ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, sannan ya koma ya sake tambayar jiki. Na nuna masa tabarma, bai zauna ba.

Ya ce, "Hedimasta, Bashiru mijin Luba ya kira daga Mafara. Luba ta sauka, an samu ɗiya. Sai dai haƙuri."

Na ce, "Ɗiyar ce ba ta zo da rai ba?"

Ya ce, "Ɗiya tana nan lafiya. Uwar ce. Jini ya ƙi tsayawa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba a jira ni ba, kuma daidai aka yi. Kafin in samu mai ɗaukata, an riga an rufe ta.

Ga wanda bai san mu ba, Luba ɗiyar ɗiyata Hadiza ce. Hadiza ta rasu ta bar ta tana ƙarama, ni da matata muka riƙe ta, daga baya matar tawa ita ma ta bi ɗiyarta. Ina da 'ya'ya maza biyu a kudu, ina jin muryarsu a waya ranar Sallah. Saboda haka idan na ce Luba jikata ce, ban faɗi komai ba. Ita ce mutumin da ya rage yana buɗe ƙofar gidan nan ba tare da an aiko shi ba.

Da ta gama sakandare ta ce gyaran farce take son koya, kuma a makaranta, inda ake ba da takardar shaida. Mutane suka yi ta dariya. Ni ma na tambaye ta, na ce, "Yankan akaifa har sai an zauna aji? Ga masu almakashi nan suna yawo gari, wa ya ba su takarda?" Ta ce, "Su farcen suka sani, Kaka. Ni ina son in san naman da ke ƙarƙashinsa." Na shekara da yawa ina koyarwa, na san amsar ɗalibin da ya riga ya yanke shawara. Na bar ta ta tafi Sakkwato, ta zauna wurin gwaggonta.

Idan ta zo hutu, takan zo da littattafan Turanci masu hotunan cututtukan fata da na farce, da bayanin yadda ake tafasa kayan aiki. Nakan riƙe littafin kusa da hanci ina yi mata tambayoyi, kamar yadda aka yi mana a zamaninmu. Idan na gyara mata lafazi sai ta ce, "Angona, Turancin nan naka ya fi ka tsufa. Wanda ya koya maka shi ya daɗe da zama ƙasa." Ni kuma in ce, "Amarya, da shi dai za ki ci jarrabawa." Ta ci. Bayan haka ta bi layin ofisoshi har ta samu lasisin yin aiki. Ranar da ta karɓo shi, ba ta wuce gidan kowa ba sai nan. Ta ɗora shi a tafin hannuna ta ce, "Shafa, tunda idon ya ƙi." Na shafa hatimin da yatsana. Ban taɓa jin daɗin takardar wani ɗalibina kamar wannan ba.

Ta samu aiki a salun ɗin wata Hajiya Kulu a Talata Mafara, a can kuma ta auri Bashiru tela, wanda bai hana ta sana'arta ba, Allah ya saka masa. Ban taɓa shiga salun ɗin ba, wurin mata ne. Sau ɗaya na zauna a bencin waje ina dawowa daga asibiti, ina jin ƙarar janareta da shewar 'yan mata, warin man farce yana fitowa ta labule. Daga nan na ji muryarta tana ce wa wata amarya, "Kin san ruwan alwala ba ya ratsa jan farce ko? In kina sallah kwanakin nan, bari in yi miki lalle, ya fi zama a hannunki ma." Daga baya Hajiya Kulu ta gaya mini haka take yi wa kowa, har sun sha yin faɗa a kai, domin wasu sukan tashi su tafi wani shago. Abin da Luba takan ce shi ne, "Ni dai na faɗa mata. In ta ce a sa, in sa mata mai kyau."

Akwai wani aikinta da ba a koya mata a makaranta ba. Wata yarinya ta rasu a garin Ruwan Gizo jim kaɗan bayan bikinta, da farcen roba manne a yatsunta. Masu wankan gawa suka rasa yadda za su yi, domin dole ruwa ya taɓa farcen gaske. Aka aika wa Luba. Ta rufe aikinta, ta hau babur da kwalbar ruwan da ke narkar da gam ɗin, ta zauna gefen gawar tana jiƙa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta ce ta fizge kawai, ai lokaci yana tafiya. Luba ta ce, "Inna, ko ba ta jin zafi, hannunta ne." Tun daga ranar, har daga Maradun akan neme ta idan irin haka ta faru. Ba daga bakinta na ji wannan ba, sai a wurin zaman makokinta.

Ni kuwa abin da ke tsakanina da ita, ƙafa ce. Likita ya daɗe da gaya mini cewa mai ciwon suga irina, ƙaramin rauni a yatsa yana iya tafiya da ƙafar gaba ɗaya. Na kuma gani da idona: abokina Malam Sule na Damri, reza ce ta ɗan taɓa shi, ya ƙare rayuwarsa da ƙafa ɗaya. Ga shi bayana ba ya lanƙwasuwa, idona ba ya ganin yatsuna, farcen babban yatsan kuma yana son nutsewa cikin nama. Luba ta ɗauki wannan a kanta. Juma'a ɗaya ta zo, ɗaya ta huta, da safe kafin a tafi masallaci. Takan shigo da jakarta tana cewa, "Ina tsohon mijin nan nawa mai ƙafar kunkuru?" Sai ta hura wuta ta tafasa kayan aikinta, ta jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi, ta share tsakanin yatsu da tawul, ta yanke a miƙe, ta ɗaga gefen farcen a hankali ta cusa 'yar auduga. Tana yi tana ba ni labarin Mafara: wa ya yi aure, wa ya gudo daga ƙauye da iyalinsa, nawa ake sayar da barkono. Idan ta gama, ta tattara abin da ta yanke ta kai gindin darbejiya ta binne. Ta ce, "A makaranta kwandon shara suka ce. Amma kai na san ba ka barci in kaza ta tsince ka."

Zuwanta na ƙarshe, cikinta ya tsufa ƙwarai. Ta yi ƙoƙarin durƙusawa ta kasa, ni na yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa na kasa, muka tsaya muna kallon juna muna dariya. Ta mirgino turmin kakarta ta kife shi, ta ɗora ƙafata a kai, ta zauna a kujera. Ta daɗe a kan babban yatsan fiye da kullum.

Ta ce, "Kaka, saurara. Kada ka ba kowa ƙafar nan. Ko ka ji almakashi yana kuka a ƙofarka, ka toshe kunne. Almakashin da ya bi kasuwa duka bai ga ruwan zafi ba, ba zai taɓa min kai ba."

Na ce, "Kishi kike yi, amarya?"

Ta ce, "Kishi nike. Yi min alkawari."

Na ce, "Har yaushe?"

Ta ce, "Har in gama wankan jego. Ko wanda na aiko da kaina."

Na yi mata alkawari. Ta binne faratan, ta leƙo ta ce in daina shan shayi da sukari a ɓoye, ta tafi.

Malam Iro ne ya kai ni gaisuwa Mafara. Matan da suka yi mata wanka suka ce faratanta tas suke, babu komai a kai sai sauran lalle. Aka miƙo mini jaririyar, an mayar mata da sunan uwarta. Na kawo ta kusa da idona, sai na ga ta yagi kumatunta da 'yan faratanta. Gidan cike yake da mutane, amma babu wanda ya tuna ya rage mata su. A nan ne na kasa riƙe hawayena, ni da na binne mata da ɗiya ban yi kuka a gaban jama'a ba.

Ina shirin tashi, wata ta gaishe ni daga bayan ƙyaure. Ta ce sunanta Maryam, tare suke aiki da marigayiya, kuma a hannunta ta koya. Ta ce Luba ta bar mata sallahun ƙafata tun kafin naƙuda, har ta nuna mata yadda ake sa audugar. Za ta zo Bakura ranar Juma'a idan maigidanta ya yarda, tunda ni ba muharraminta ba ne. Na ce wannan haƙƙinsa ne. Juma'ar farko ta aiko cewa ya yi tafiya, ba ta samu tambayarsa ba. Ta gaba ta aiko cewa yana tunani. Ta ce in sa ido yau. Na je ɗakin shan magani a tsakani, suka ba ni ƙwayoyi, suka ce su ba sa yankan farce, in ya fashe in dawo a wanke.

Ya Allah, ka ji ƙan Lubabatu ɗiyar Hadiza. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ta tausaya wa hannun matattu da ƙafar tsoho, ka tausaya mata da rahamarka wadda ta fi tata. Ka sada ta da uwarta da kakarta a Aljanna. Ka ba Bashiru haƙuri, ka raya wannan marainiya cikin imani, ka haɗa ta da hannun da zai riƙe ta da sauƙi. Ka ba Hajiya Kulu da abokan aikinta juriya. Mu da muka yi saura, ka sa mu cika da kyau. Amin.

An sauko daga masallaci, an yi la'asar, inuwar darbejiya ta kai bakin zaure. Ruwan da na sa a wuta domin kayan aikin Maryam ya tafasa ya huce, na sake ɗorawa ya sake hucewa. Ɗazu mai yankan farce ya biyo ta layinmu yana kaɗa almakashinsa. Ya tsaya a ƙofa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, a rage?" Na amsa gaisuwarsa, na ja ƙafata ƙarƙashin riga. Gobe ma zai biyo.

Maryam ba ta zo ba.