Kifin da Maigidana Ya Gani

Maigidana, Allah ya jiƙansa, a Makka aka haife shi, kuma wannan ne kaɗai laifinsa a wurin dattawan Jarwal. A ko'ina cikin duniya in mutum ya ce shi haifaffen Makka ne, riƙe hannunsa za a yi a shafa a fuska. A unguwarmu kuwa, a shekarun nan na bayan yaƙin Turawa, mutum ne da ya sami abu a ɓagas. Wanda bai tako daga ƙasar Hausa ba, bai tsinci auduga a Sudan don guzuri ba, bai tsallaka Bahar Maliya ba, yaro ne ko da furfura ta cinye masa gemu.

Tsire yake yi, wanda Larabawa ke kira siriya. Tukubarsa tana jikin bangon ɗakina. A gefenta ya ajiye mirkazi, wato dogon gadon igiya da ake zama a kai, don masu jiran nama. Dattawa suka mai da shi majalisa. Daga la'asar suke cika shi, su sha shayinsa, su ɗanɗana masa nama ko ya gasu, shi yana tsaye. Ni ina ciki ina dakan ƙuli-ƙuli da yaji, komai yana shigo mini ta taga.

Hirarsu ko da tsadar raguna ta fara, a teku take ƙarewa. Kowannensu ranar da ya tsallako ya ga babban kifin nan, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Shugabansu Baba mai turare, wani dattijo Bakano da ke sayar da ambar. Yakan ce daga cikin kifin ake samun ambar, saboda haka shi da kifin abokan sana'a ne. Nasa tsawonsa daga Safa zuwa Marwa. Sai Kawu mai ɗinki, Basakkwace, wanda nasa ya yi hamma sau ɗaya la'asar ta koma magariba. Na lura kifayen nan sun fi ƙiba a Jarwal, inda babu ruwa sai na salka, kowace shekara suna ƙara kamu.

Ni na tsallako. Ina budurwa muka taso daga Sawakin, gaɓar Sudan, da iyayena, a sambuki, jirgin katako mai tafiya da iska, kuma Baba mai turare yana cikinsa. Abin da na sani nasa a tafiyar nan shi ne tafin ƙafarsa, don shi ne a gaban fuskata har Jidda. Ya kwanta a ƙasan jirgi ya lulluɓe kai da mayafi, yana amai yana barin wasiyya. Kifin da muka gani busasshe ne, wanda masu jirgin ke ci. Amma mace ba ta ƙaryata sa'an ubanta ta taga.

Da a kifi abin ya tsaya, da maigidana bai damu ba. Sai dai ya hana shi baki a komai. Wata rana hadari ya haɗu a kan duwatsu, maigidana ya ce a janye mirkazi ciki, wannan irin hadarin shi ke kawo ambaliya cikin lunguna.

Baba mai turare ya ce, “Ɗan Makka zai koya mana ruwa! Ya waladi, ka taɓa ganin ruwan da ba a ɗaure bakinsa da igiya ba?”

“Baba, a garin nan na girma, na san...”

Kawu mai ɗinki ya ce, “Ka san hayaƙi. Juya namanka, yana ƙonewa.”

Ruwa ya zo ya tafi da takalman mutum biyu. Washegari aka yi ittifaƙi cewa Baba ne ya fara hango shi.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne, amma mutum ko ba ya son magana yana son a ce yana da ita. A ƙofar gidansa, a kan gadon da ya saya, shekara da shekaru ana ce masa juya namanka.

Bayan wani aikin hajji, gari ya yi shiru, ciniki ya kwanta, ya shigo ya ce mini zai tafi Jidda. Wani masunci da ke sayen tsire wurinsa in ya zo umara ya ce masa a irin wannan lokaci babban kifin yakan fito can bayan duwatsun cikin ruwa, kuma zai kai shi.

Na ce, “Maigida, don ka sami wurin zama a kan gadonka za ka shiga teku?”

Ya ce, “Don in gani ne.” Sannan ya ƙara, “Da wancan ɗin ma.”

Sai ya faɗa a majalisa. Dattawa sun gane in ya tafi shi kaɗai zai dawo da baki. Baba mai turare ya yi gyaran murya ya ce kifin ba ya fitowa ga baƙuwar fuska, dole su raka yaron. Kawu ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne. Na soya musu nama na guzuri, suka hau lori.

Da suka dawo, dattawan nan biyu sun rame kamar sun tashi daga jinya, Kawu babu hula. Maigidana fuska ta ƙone, leɓe ya tsattsage, amma yana murmushi shi kaɗai. Ina zuba masa ruwan wanka ya ce mini jirgi yana barin bakin gaɓa Baba ya kwanta ya ja mayafi. Kawu ya riƙe ƙafar masunci yana roƙonsa da Allah da Annabi ya juya. Da hantsi kifin ya fito.

Ya ci gaba da ba ni labari: “Na ce, Baba, ga shi, tashi ka gani! Ya ce daga cikin mayafi, na san shi, ɗana, gai da shi.”

Na yi dariya har na zauna. Na yi zaton magana ta ƙare.

Washegari mirkazi bai ishi mutane ba, har daga unguwar Hindawiyya an zo. Maigidana ya goge hannu, ya fara: “Baƙi ne, bayansa sumul...”

Baba ya ce, “Kore. Kore shar, kamar rawanin sharifi. Rana ce ta shiga idonka.”

Wani ya ce, “Haƙoran fa?”

“Ban ga haƙora ba.”

Aka kwashe da dariya. Baba ya bayyana haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kowane kamar turmi a kife. Ya ce kifin ya gane shi, ya ɗago kai ya rusuna. Kawu ya ce a wannan rusunawar ce iska ta ɗauke masa hula, kuma bai yi baƙin ciki ba, sadaka ce. Aka yanke hukunci cewa ɗan Makka gungume ya gani ko kifaffen kwale-kwale, tsoro ya hana shi duban inda ya kamata.

Kawu ya ƙara da cewa, “Kuma tsallakawa daga waccan gaɓa zuwa wannan ce. Kai daga nan ka tashi, nan ka dawo. Leƙawa ka yi. Yalla, juya namanka.”

Watanni ya yi yana riƙe da maganarsa. Aka sa masa suna mai kifi wawulo. Masu saye sukan ce a ba su mai laushi, irin wanda kifinsa zai iya ci. Sau ɗaya na ce masa in leƙa in faɗi abin da na gani a sambukin Sawakin. Ya ce, “Ki tona tsoho a gaban jikokinsa? Shi ke nan, bar shi.”

Wata la'asar wani baƙo da ya zo sayen nama ya tambaye shi ko gaskiya ne ya ga kifin. Na tsai da taɓarya. Na ji muryarsa, a hankali, kamar mai karanta abin da wani ya rubuta. Ya ce kore ne. Ya ce haƙoransa kamar turame. Ya ce ya ɗago kai ya rusuna wa Baba, shi shaida ne.

Baba mai turare ya ce, “Allahu akbar! Ai tun farko na ce yaron nan ya gani, kunya ce. Ku matsa masa. Zauna nan, ɗana.”

Na ji igiyar mirkazi ta yi ƙara. Daga ranar ake tambayarsa farashin rago, ake tambayarsa hadari. Ranar ma nama ya ƙone, ba wanda ya ce ya juya.

Da safe ya same ni a tsakar gida ina gyaran gyaɗa. Ya zauna a ƙasa, abin da ba ya yi.

Ya ce, “Ke kin san teku. Bari in ba ki ajiya, kada ni ma in manta.”

Ya ce numfashin kifin ya fara ji kafin ya gan shi, kamar zugazugin maƙeri, sai wari ya biyo, na ruɓaɓɓen kifi. Sannan baya ya fito, baƙi, yana ta wucewa, yana ta wucewa, can ƙarshe ɗan tsini kamar lauje. Ya nutse, ya sake fitowa nesa kaɗan. Bai ɗaga kai ba, bai buɗe baki ba.

“Bai ko san muna wurin ba. Harkarsa yake yi. Wallahi ban taɓa jin hankalina ya kwanta irin na lokacin ba.”

Bai sake ba da wannan labarin ba. A waje kuwa kifinsa ya ci gaba da ƙiba tare da na sauran, har ya kusa kamo na Kawu.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi bayan 'yan shekaru, bai daɗe a kwance ba. A mirkazin nan aka yi zaman makoki. Dattawa sun yi kuka na gaskiya, wannan ba zan hana su ba. Baba mai turare ya ce an yi rashin mai gaskiya, mutumin da tun da Allah ya buɗe masa ido bai taɓa rage wa kifin nan haƙori ɗaya ba. Ya ce Allah ya sa gaskiyarsa ta bi shi kabari.

Ina ciki, cikin takaba, na ce amin tare da su.