Wadda Ke Ɗaga Malam Muntaka

Hajiya Furera 'yar Funtuwa ce. Shekarunta hamsin da takwas, ashirin da biyu daga ciki a ƙasar waje ta yi su, a garin Beltsville, tana zuba wa yara abincin rana a wata makarantar firamare. Ta ajiye aikin ne da mijinta, Malam Muntaka, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ana saura wata takwas ya yi ritaya. Ɓarin dama ya tafi, magana ta koma kalma ɗaya ko biyu. Mutum ne dogo mai jiki, kuma ciwon bai rage masa nauyi ba.

Sau shida a rana take ɗaga shi, daga gado zuwa keken marasa lafiya, daga keke zuwa banɗaki, a dawo. An taɓa turo wani ma'aikaci ya taya ta, Malam ya juya fuska bango, ya ƙi cin abinci har kwana biyu. Daga nan ba ta sake yarda wani ya taɓa shi ba.

A wata na bakwai ƙugunta ya fara ciwo. Ta riƙa shafa man zafi, ta ɗaure shi tamau da ɗankwali, ba ta gaya wa kowa ba. Wadda ta gano ita ce Rachel Kambai, 'yar Kafanchan, ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zuwa duba Malam Litinin da Alhamis. Cokali ne ya faɗi, ta ga sai da Furera ta dafa tebur kafin ta iya ɗauko shi.

"Hajiya, tun yaushe bayan nan yake damunki?"

"Gajiya ce kawai."

"Ba gajiya ba ce. Ranar da ya riƙe kina tsakiyar ɗaga Baba, ku biyu za ku zube. Kuma ki yi haƙuri, dole in rubuta abin da na gani."

Rubutun nan shi Furera take tsoro. Autarsu Juwairiyya, da ke aiki a Baltimore, ita ke riƙe da takardun asibiti, kuma duk abin da aka rubuta a wayarta take gani. Ta riga ta zagaya gidajen kula da marasa lafiya guda biyu, ta sa sunan ubanta a layin jira na ɗaya. Ranar Asabar ta zo, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Umma, me ya sa kika ɓoye mini?" Rabin maganar da Turanci ta yi ta. "Wallahi in Abba ya faɗi sau ɗaya, shi ke nan, ba zan sake shawara da kowa ba."

"Ki rage murya, yana ji."

"Ya ji, Umma. Ke ma fa mutum ce."

Likita ya duba Furera ya ce ƙashin lafiya lau, naman da ke riƙe da bayan ne ba ƙarfi, sai an motsa shi. Rachel ta kawo takarda daga cibiyar motsa jiki ta unguwa, ta zagaye aji uku da biro: yoga, tai chi, da pilates. Su kaɗai suka dace da lokacin da Rachel take gidan.

"Awa ɗaya kike da ita, Hajiya, lokacin da nake tare da Baba. Gwada kowanne, ki zaɓi ɗaya."

Da yoga ta fara, don ta taɓa jin sunan. Aka ce a sunkuya a taɓa ƙasa. Tana sunkuyawa hijabi ya rufe mata ido, wani abu ya soke ta daga ƙugu har cinya. Ta lallaɓa ta fita, ta zauna a kan benci tana ambaton Allah har ya lafa. An ce akwai ajin yoga mai sauƙi, amma da yamma ne, lokacin da babu mai zama da Malam.

Tai chi a babban zaure ake yi, a tsaye, da doguwar rigarta. Yawanci tsofaffi ne, suna karya gwiwa kaɗan, suna mayar da nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan a hankali. Rabin awa ta wuce ba ta duba waya ba, abin da ba ta yi ba tun da Malam ya kwanta. Da aka tashi ta tambayi malamin, wani dattijo mai sanyin magana, yaushe za ta ga ƙarfi. Ya ce ta ba shi wata uku ko huɗu, kuma abin da ya fi gyarawa tsayuwa ce, kada mutum ya riƙa tangaɗi.

Ajin pilates mata ne zalla a ranar. Aka kwanta rigingine a kan shimfiɗar roba, aka ce a tsuke ciki a ɗaga ƙafa ɗaya. Abu kamar wasa, amma minti goma jikinta ya hau rawa, zufa ta jiƙa mata wuya. Wata tsohuwa da ta girme ta tana gefe tana yi ba ko nishi. Washegari ko tari ta yi sai cikinta ya amsa, amma bayan bai tashi ba.

Ta gaya wa Rachel zuciyarta na kan tai chi. Rachel ta ce mata:

"In don hankalinki ne, shi ne. In don ɗaga Baba ne, pilates zai fi kama inda matsalar take. Ni dai ba zan zaɓa miki ba."

Bayan la'asar tana ba Malam kunu ta kwashe duka ta gaya masa, kamar yadda ta saba tun yana da lafiya. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ƙofa.

"Kai... ni," in ji shi.

Ta gane sarai. Gidan da Juwairiyya ta nemo yake nufi.

"Ban ji ba, Malam. Buɗe bakinka, kunun zai huce."

Litinin ta sa sunanta a ajin pilates, wanda take kira filatis.

Mako biyar tana zuwa ba fashi. Ciwon bai tafi ba, amma ta daina ɗaura ɗankwali. Ranar wata Laraba da safe, bayan wanka, tana riƙe da ɗamarar da ake ɗaura masa a ƙugu, ƙafarsa mai lafiya ta zame a kan jiƙaƙƙen daɓe. Nauyinsa gaba ɗaya ya dawo kanta. Hannunta ya so fizgo shi sama, ta ji bayanta ya fara ƙara. Rachel ta sha gaya mata, in ya tafi kada ta tare shi, ta sauke shi. Ta tsuke ciki, ta karya gwiwa, ta jingina shi da cinyarta. Kansa na daf da bakin bahon wanka.

"Riƙe ni, Malam! Da hagu, riƙe ni!"

Kaɗan-kaɗan suka sauka, har ya zauna a ƙasa. Ta shafa kansa, ta duba ƙugunsa da gwiwarsa. Ko ƙwarzane babu. Amma ɗaga shi daga ƙasa ya fi ƙarfinta, ta kuma sani.

Ta lulluɓe shi da tawul, ta kira maƙwabcinsu Dalyop, wani nas ɗan Jos da ke hutu a ranar. Ya shigo yana "Sannu Baba, sannu," ya ɗaga shi ya ɗora a keke. Malam ya runtse ido har aka gama. A bakin ƙofa Dalyop ya ce, "Mama, kada ki damu, ba mai ji a bakina."

Ta gode masa, ta rufe ƙofa. Ta tsaya a kicin da waya a hannu, ta ajiye, ta sake ɗauka. In ta yi shiru, maganar ta mutu. Sai dai idonta bai daina ganin kan Malam a gefen baho ba. Ta kira Juwairiyya.

Cikin awa ɗaya ta iso, idonta jawur. Ta duba ubanta, ta shiga banɗakin ta fito, ta ce gobe za ta kira gidan kula da marasa lafiyar. Furera ta ce, "Sai dai ki kai mu tare." Juwairiyya ta ɗauki jakarta ta tafi.

Alhamis Rachel ta saurari kowa, ta sa Furera ta nuna yadda ta yi. Ta rubuta cewa an sauke shi ƙasa ba rauni, ta kuma rubuta cewa wanka ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Furera ba ta yi musu ba. Aka samo wani ma'aikaci, Khalil, mai zuwa kowace safiya. Furera da kanta ta gaya wa Malam, ta ce in ya ƙi abinci ita ma ba za ta ci ba. Ya juya fuska, amma da azahar ya ci.

Yanzu sau huɗu take ɗaga shi a rana, kuma ba ta fashin aji. A watan jiya masu gidan kula da marasa lafiyar suka kira Juwairiyya cewa gado ya samu. Furera ta ce a bari sai bayan Babbar Sallah. Juwairiyya ba ta karɓi gadon ba, ba ta kuma cire sunan daga layi ba, har yau ba su gama wannan maganar ba.