Akwatin Yaya Sanusi da Sunayen Rugage

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Sanusi a Kaura Namoda, sai ga shi makon jiya wata wasiƙa ta tayar mini da zancensa.

Malamin dabbobi ne. Ya yi shekaru yana bin rugage a kan babur, daga Katuru har Birnin Tsaba, yana yi wa shanu allura, yana rubuta abin da dattawan Fulani suka sani game da ciwon huhu da sammore. Daga nan ya fitar da littafi guda. Aka shigar da shi gasar shekara-shekara ta littattafan ilimi, har ya kai zagayen ƙarshe. Sai alƙalan suka nemi hujja: sunan kowace ruga, inda take, da yawan shanunta.

Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Yaya kuwa an bar shi ya ƙirga ne saboda allura, bisa amana. Na matsa masa lamba ya ba su, don ni mai son a ji sunan gidanmu ne. Ya dube ni ya ce, "Lawali, mi kaka so in ce ma Arɗo in mun gamu kasuwar Shinkahi?" Wani ya ɗauki kyautar. Na yi wata biyu ban taka gidansa ba, kuma har yau abin yana ba ni kunya.

Yanzu masu gasar sun rubuto cewa bana za su karrama littafin, muddin na miƙa takardun aikinsa da ke cikin akwatin da ya bari a hannuna, a ɗora a intanet don masu bincike. Ban zarge su ba, ba su san hanyar Zurmi ba. Amma mu nan mun san abin da takarda mai sunan ruga da yawan shanu za ta zama a hannun ɓarayin daji. Wasu rugagen sun tashi, wasu suna nan da mutane a ciki. Da yana raye me zai ce? A zamaninsa kunyar Arɗo kawai yake gudu. Yau rayuka ne.

Matarsa tana son a karrama shi, 'ya'yansa ma haka, kuma ban ga laifinsu ba. Ranar Juma'a wa'adin da masu gasar suka ba ni zai cika, ban kuma san da wace fuska zan gaya wa iyalinsa shawarar da na yanke ba.

Ba gida ya bari ba, ba lambar yabo ba. Littafi ne guda, wanda na kowa ne, da akwati guda wanda ba nasa ba ne balle nawa. Na riga na rubuta amsa. Kyautar za ta sake wuce Yaya Sanusi, wannan karon da hannuna. Allah ya jiƙansa.