Guzurin da Fassouma ta yi wa Ba

A High Point Road, tsakanin wurin sayar da tsofaffin motoci da wani kantin kayan miya, akwai ƙaramin otel na bene. A nan Fassouma, 'yar Maradi, take gyaran ɗakuna tun zuwanta Greensboro a 2002. Otel ɗin na wani Ba'indiye ne, Hasmukh, mahaifiyarsa kuma na zaune a ɗakin bayan ofis. Kowa Ba yake ce mata, wato Inna a harshensu. Turancin Ba kaɗan ne, na Fassouma kuma rabinsa Faransanci ne, sai hannu ya cike musu sauran.

A bangon ɗakin Ba akwai hoton Girnar, wani dutse a gundumar Junagadh, yammacin Indiya. Ɗakunan bauta ne jere a jikinsa, matakala tana nannaɗe shi kamar ba za ta ƙare ba. Duk ranar da Fassouma ta zo canza zanen gado sai Ba ta kama hannunta ta bi hoton da yatsa: nan fararen gine-ginen mabiya addinin Jain, can sama ɗakin Amba, abar bautar su Ba, inda sababbin ma'aurata ke zuwa neman albarka, a dutsen gefe kuma kabarin wani waliyyi Musulmi. Lokacin da jikanta ya kwanta asibiti, Ba ta yi alwashin in ya tashi za ta hau har ɗakin Amba da ƙafarta. Yaro ya tashi. Ita kuma aka yi mata aiki a gwiwa.

Hasmukh ya ce bai yarda ba, sai dai in za ta zauna a kujerar da ƙarti ke ɗaukar tsofaffi a kai.

"Sai sun ɗora mutum a sikeli kafin su ɗauke shi," in ji Ba. "Ni buhun shinkafa ce?"

Fassouma na bakin ƙofa da tawul a hannu. Ta tuna shekarar da mahaifiyarta za ta Makka, yadda ta riƙa jan ta daga gida zuwa kasuwar Maradi kullum don kada Safa da Marwa su kayar da ita. Washegari bayan ta gama ɗakunan ƙasa, ta tsaya a gindin benen otel ta miƙa wa Ba hannu.

Ranar farko ko rabi ba su kai ba. Haka suka yi ta yi, rani da hunturu, tsohuwa na ambaton abar bautarta, Fassouma na salati, har baƙin otel suka saba kauce musu a matakala.

A gida mijinta Younoussa, direban tasi, ya sa mata suna.

"Sannu da zuwa, koci. Yau 'yar wasan taki ta ci ƙwallo?"

"Malam, ka bar ni da gajiyata."

"A'a, tambaya ce. In matan masallaci suka ji kina horar da mai zuwa wurin gumaka fa?"

"Ni ƙafa nake wa aiki. Inda za ta kai ta, wannan tsakaninta da Mahaliccinta. Tsohuwa ce ta ɗauki alkawari yana hana ta sukuni. Da Innata ce fa?"

Sunan koci dai ya zauna.

Wata rana Hasmukh ya tsaya a farfajiya yana kallon mahaifiyarsa tana hawa tana sauka ba ta dafa kowa ba, har ya gaji da tsayuwa. A makon ya sayi tikiti.

A wurin Fassouma, matafiyi ba ya fita ba guzuri. An kawo wa Younoussa kilishi daga gida, sai da ta tabbatar na rago ne, don ta san Indiyawa ba sa cin saniya. Ta kuma san Ba da kawaici, in an miƙa mata ba za ta karɓa ba. Sai ta yi yadda ake yi a Maradi: ta naɗe shi a takarda ta cusa a ƙasan jakar hannu ba wanda ya gani.

Ana gobe tafiya, da hantsi, Hasmukh ya kira ta. Ba na zaune a bakin gado, jan ƙyallen da za ta kai ɗakin Amba a shimfiɗe a gabanta, man kilishi ya yi masa tabo.

"Patron, maigida, na rago ne! Wallahi ba saniya!"

"Fassouma," ya ce a hankali, "Ba tun da aka haife ta nama bai taɓa shiga bakinta ba. Kowane iri. Ta ce wannan alama ce, ba a karɓi tafiyar ba. Ta fasa."

Fassouma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma najasa da tsarki ba baƙin abu ba ne a wurinta. Don haka ba ta tsaya dogon ban haƙuri ba, ta ce Hasmukh ya tambayar mata tsohuwar me ake wankewa, me ake yarwa. Ta juye jakar, ta wanke abin wankewa yadda Ba ta nuna, ta shanya a rana. Ƙyalle dai ya lalace. Ta buga wa Younoussa waya ya bar fasinja ya zo, don ya kai Ba kantin Indiyawa ta zaɓi wani da hannunta.

Tsohuwa ta ƙi tashi. Fassouma ta durƙusa, ta kama gwiwar nan da aka yi wa aiki.

"Ba, alamar ba daga sama ta zo ba. Daga Maradi ta zo, ni na kawo ta. Wannan ƙafar ta taɓa nama? Shekara guda muna wahala, ki ce mini kin fasa?"

Hasmukh ya fassara. Sai kafaɗun tsohuwa suka fara rawa. Dariya ce. Ta dungure wa Fassouma kai, ta nemi takalminta.

Bayan wata biyu ta dawo, ta rame, idonta na ƙyalli. Ta raba wa iyalinta alewar da aka sa wa albarka a ɗakin bauta, da ta zo kan Fassouma sai ta janye farantin.

"Wannan ba naki ba ne. Ni na yi tambaya tukuna."

Ta miƙa mata mayafi mai ɗigo-ɗigo, daga kantin wani Musulmi a Junagadh.

"Ba, kin hau?"

"Har ɗakin Amba, da ƙafata." Ta ɗan kawar da kai. "Saukowa dai, sun auna ni."

Kilishin kuwa, Younoussa ne ya cinye shi a tasi.