Ranar da Na Sauke Taswirar Rumbunan Ƙasarmu

Da sunan Allah nike farawa, ina gaida edita da masu karatu. A lokacin da wanga al'amari ya faru ni malami ne a wata jami'a. Ina koyar da yadda ake tattara bayanai a tsabtace su a adana, sannan a shirya su a kan dashbod, wato shafi guda a komfuta mai zane da taswira, inda mutum zai fahimci al'amari da kallo ɗaya. Asalina wani ƙauye ne tsakanin Sabon Birni da Isa. Gidanmu gidan malanta ne, sai da hannuna ya faɗa da ajami kafin a kai ni boko, har yau kuwa in za ni rubuta abin da ya dame ni, daga dama nike farawa. Ina son aikina ƙwarai, kuma ba na ɓoyewa, a wancan zamani ina da 'yar izza a kansa.

Wata shekara na gaji da koyar da ɗalibai da bayanan kantunan ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Na ce bana da amfanin gonar ƙasarmu za mu yi aiki. Kowa ya san manominmu ba ya gaya wa baƙo yawan damin da ya samu. In ka tambaye shi, sai ya ce an gode Allah, an samu na tuwo, ya bar ka nan. Ni kuwa na san hanyar da wani malamin jami'a bai sani ba. Na rubuta tambayoyin da ajami da hannuna, na kai wa yayana, wanda shi ne limamin garinmu, shi kuma ya aika wa 'yan'uwansa limamai na ƙauyuka. Na zaɓi kaka, lokacin fitar da zakka, sa'ad da mutum ke ƙirga daminsa saboda Allah ba ya ragewa. Da mutane suka ga rubutun gidanmu, suka faɗi gaskiya. Ban taɓa riƙe bayanai masu tsabta irin waɗannan ba, kuma na yi ta faɗin haka a sashenmu har abokan aiki suka gaji da ji.

Ɗalibai suka duƙufa. Wadda ta jagorance su wata yarinya ce 'yar wajen Isa, mai ƙarancin magana da kaifin kai. Suka zana taswira, kowane ƙauye da ɗigonsa, mai yawan gero da dawa ɗigonsa ya fi girma. In ka danna sai ka ga yawan rumbuna, da ranar kasuwar da mazan garin ke ci, da nisansa daga titi, da ko babur na iya shiga da damina. Duk mun sa waɗannan ne don masu kai taki da iri su san inda za su da yadda za su isa. Shugaban sashenmu ya gani ya yi murna, ya sa aka ɗora shafin a intanet, ya shigar da shi wata gasar jami'o'i, ya kuma yi wa wata ƙungiya mai tallafa wa manoma alkawarin za a ba ta bayanan duka.

Shafin ya kwana biyu a buɗe kafin ranar da nike son ba ku labari. Ina gaban aji ina nuna yadda ake tace bayanai: na zaɓi ƙauyuka masu yawan hatsi, na ƙara da masu nisa daga titi, na ƙara da waɗanda babur ke shiga. Ɗigo kaɗan suka rage a allo. Sai wani ɗalibi ɗan birni, mai barkwancin ajin, ya ɗaga hannu ya ce in da shi ne shugaban mutanen daji, wato 'yan bindiga, yau da ya sallami infomominsa masu kai masa rahoto duka, tunda Malam ya yi masu aikin kyauta, har da ranar da maza ba su gari. Aji ya fashe da dariya. Yaron ba mugu ba ne, bai taɓa kwana a inda ake kasa kunne ga ƙarar babura ba. Na duba allon, ɗaya daga ɗigon da suka rage garin da ƙanwata ke aure ne. Na duba yarinyar nan 'yar Isa, ita kaɗai ba ta dariya, ta kafe allon da ido. Na sallami ajin da wuri.

Na yi sallar azahar, na roƙi Allah Ya nuna mini daidai, na koma ofis. Kalmar sirrin shafin tana hannuna, sai na sauke shi ban nemi izinin kowa ba, sannan na tafi na gaya wa shugaban sashe. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce mutanen daji ba su karanta dashbod, kuma abin da ke cikin rumbun kowa sun riga sun sani. Ya ce ilimin da aka ɓoye ba ya amfanar kowa, ga shi ya riga ya ba ƙungiyar magana, in takin bai zo ba manoman da nike iƙirarin karewa su za su yi asara. Ba za ni zalunce shi ba, maganarsa akwai gaskiya a ciki. Na ce da shi, ranka ya daɗe, suna da wayoyi, suna da masu karanta masu, kuma waɗannan lissafe-lissafe ba jami'a aka ba su ba, an ba ɗan gidan liman ne a lokacin zakka. Na ce in akwai laifi nawa ne da ban yi wanga tunani tun farko ba, amma shafin ba zai koma ba muddin ina da hannu a kansa.

Aka kai ni gaban kwamiti, aka nemi in miƙa bayanan yadda suke. Na miƙa, amma bayan na cire sunan kowane ƙauye da wurin da yake, kuma na faɗa masu haka a fili. Takardun ajamin kuwa na tattara su na ce za ni mayar wa masu su. Aka ba ni takardar tuhuma, aka karɓe darasin daga hannuna na shekara guda, ƙarin girman da nike jira aka dakatar da shi. Ɗalibai da yawa suka yi fushi don gasar ta kuɓuce masu. Suka laƙaba mini suna Malam Rumbu, in na wuce sai in ji ana tambayar ko an rufe ƙofar rumbun da kyau.

Duk wannan bai kai mini nauyin zuwa gida ba. Na gaya wa yayana komai. Ya tambaye ni ko an san waɗanda suka gani kafin in sauke. Na ce ba a sani ba. Ya ce to ba shi zai faɗa wa mutane ba, ni za ni faɗa da bakina bayan sallar Juma'a. Na tsaya na faɗa. Wani dattijo abokin mahaifinmu ya ce ashe bokon ɗan malam ya kai matsayin yi wa ɓarawo ƙidaya, to baɗi in na zo tambaya zai ce gonarsa ƙaiƙayi ta haifa. Aka yi dariya, amma ba duka aka yi ba. Wasu sun karɓi takardunsu ba su dube ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ana nan sai yarinyar nan ta zo ofishina da wasu 'yan ajinsu, har da mai barkwancin, ko da yake ni ba malaminsu ba ne a lokacin. Sun sake gina shafin daga tushe. Sun haɗe ƙauyuka cikin manyan yankuna, babu suna, babu rumbu, babu ranar kasuwa. Abin da ya rage shi ne inda ruwa ya makara, da inda tsutsa ta ci dawa, da inda aka fi buƙatar taki. Ta ce Malam ya duba, ya nemo masu wani gari guda a ciki in zai iya. Na zauna na yi ta tacewa ta kowace hanya da na sani, ban iya ba. Tun da na fara koyarwa ban taɓa jin daɗin kasawa irin ta ranar ba. Shafin bai ci gasa ba, amma malaman gona sun yi aiki da shi, kuma ƙungiyar ta karɓe shi daga baya.

An mayar mini da darasina, ƙarin girman ma ya zo a lokacin da Allah Ya ƙaddara. Abin da ban sani ba har yau shi ne ko wani mai mugun nufi ya buɗe shafin a kwanakin da ya yi. Ƙasarmu ta ga wahala kafin nan, ta gani bayan nan, ba ni da hanyar rarrabewa, sai dai istigfari. Amma ina alfahari da cewa da na gane, ban jira a ba ni izini ba, kuma ina alfahari da yaran da suka fi ni iya aikin.

'Yan'uwana malamai da masu tattara bayanan jama'a, ku ji daga wanda ya taɓa faɗawa ciki. Muna koya wa ɗalibai yadda za su bayyana komai a fili, muna mantawa da koya masu abin da ya kamata su bari a rufe. Kowane ɗigo a allonku gida ne da mutane ke kwana a ciki. Kafin ku ba ɗalibi maki don shafinsa ya yi kyau, ku zaunar da shi ya buɗe shafin da idon wanda ya fi kowa nufin mutanen nan da sharri, ya gaya maku abin da ya samu. In ya samu hanyar gidan wani, aikin bai ƙare ba.